Awa Biyu da Rabi daga Landan zuwa Rum

Wanda ya sayi tikitin jirgin sama daga Landan zuwa Rum zai ga an rubuta masa, a misali, tashi ƙarfe 7:00 na safe, sauka ƙarfe 10:30. In ya ƙirga da yatsu sai ya samu awa uku da rabi. Can ya tuna agogon Italiya yana gaba da na Ingila da awa ɗaya, ya cire ta, saura awa biyu da rabi. A nan lissafin fasinja yake ƙarewa. Ya ɗaura bel, ya sha shayi, ya leƙa taga ya ga ƙanƙara kwance a kan tsaunuka, kafin ya ankara tayoyi sun taɓa ƙasa, agogo kuma bai saɓa alkawari ba sai da 'yan mintoci. Ni kuwa wannan awa biyu da rabi ta daɗe tana ba ni sha'awa, domin akwai wanda yake zama ya ƙera ta kowace rana, kuma wadda ya ƙera yau ba za ta yi wa gobe aiki ba.

Mutumin da nake nufi 'yan sana'a suna ce masa disfaca, wato mai tsara tafiyar jirgi. Fasinja ba ya ganinsa, matuƙin ma sau da yawa sunansa kawai ya sani a ƙasan takarda. Yana zaune a ɗakin aiki na kamfani inda ake karɓa-karɓa dare da rana, gabansa alluna na kwamfuta: wannan taswira, wancan yanayi, na uku jerin jiragen da aka ɗora masa. Lokacin da ke kan tikiti an tsayar da shi watanni kafin ranar tafiya, bisa abin da aka gani a tafiye-tafiyen baya. Aikin disfaca shi ne ya dubi ranar yadda Allah ya kawo ta, da iskarta da hadarinta da cunkosonta, ya nemo hanyar da za ta cika wancan alkawari ba tare da an yi caca da rai ba, kuma ba tare da an ƙone man da bai kamata a ƙone ba.

Nisa shi ne mafi sauƙi, don shi kaɗai ne ba ya canzawa. Filin jirgin Heathrow yana kan digiri 51 da minti 28 arewa da ikweta, filin Fiumicino na Rum yana kan digiri 41 da minti 48. Tsakaninsu digiri 9 da minti 40, wato minti 580, tunda kowane digiri minti 60 ne. A nan hikimar ma'aunin matuƙa take fitowa. Mil na teku, wanda aka tsayar a kan mita 1,852, asalinsa tsawon minti ɗaya ne na digiri idan mutum ya miƙe kudu ko arewa. Don haka ba sai an sha wahala ba: Rum tana kudu da Landan da mil 580. Gabas da yamma ne ke da ɗan wuya. Layukan da suka tashi daga ƙuryar kudu ta duniya zuwa ƙuryar arewa suna matsar juna yayin da ake nesa da ikweta, kamar tsagin kabewa da ke haɗuwa a wajen hanci. Digiri ɗaya na gabas a ikweta kilomita 111 ne, a Rum ya ragu zuwa 83, a Landan 69. Fiumicino yana gabas da Heathrow da digiri 12 da minti 41, in aka rage su gwargwadon matsewar da ke tsakiyar hanya sai su ba da mil 523. Ga 580 kudu, ga 523 gabas. A ninka kowanne da kansa, a haɗa, a nemo tushe, sai a samu mil 781. Kilomita 1,446 ke nan.

Wannan lissafin fensir ne, kuma a kan gajeriyar hanya irin wannan yana faɗawa daidai. Cikakken lissafin yana ɗaukar duniya a matsayin ƙwallo, gajeriyar hanya kuwa ita ce inda zare zai kwanta in aka ja shi tsakanin ɗigo biyu a jikin ƙwallon. Ilimin ba baƙo ba ne a wurin Musulmi. Da irinsa Al-Biruni ya fitar da alƙiblar birnin Gazna a ƙarni na 11, domin alƙibla ma zaren nan ne da aka ja daga inda kake zuwa Makka. Abin da malamai suka yi da alƙalami don salla, shi kwamfutar disfaca take yi cikin ƙiftawar ido don tafiya.

To, ga nisa a hannu. Jirgin da ya fi bin wannan hanya, irin Airbus A320, yana gudun wajen mil 450 na teku a awa idan ya kai sama ya daidaita, kimanin kilomita 830. A raba 1,446 da 830, a samu awa ɗaya da minti 45. Ina sauran minti 45 suka shiga?

Fiye da rabinsu a ƙasa suke ƙarewa. Agogon tikiti yana fara bugawa ne daga lokacin da aka cire waigin taya aka tura jirgi baya, ba ya tsayawa sai an sake sa waigi a Rum. Heathrow titi biyu kacal gare shi na tashi da sauka, amma yana ɗaukar jirage kusan 480,000 a shekara, don haka jirgi yakan yi minti 20 yana rarrafe a layi kafin a ba shi titi. Fiumicino kuma fili ne mai faɗi, daga titi zuwa ƙofa wasu minti goma ne. Sa'an nan jirgi iska yake fuskanta in zai tashi, iskar Landan kuwa daga yamma take busowa mafi yawan shekara, wajen kashi 70 cikin 100 na lokaci. Ma'ana mai zuwa Rum, wadda ke kudu maso gabas, sai ya fara juya mata baya ya tashi yamma, ya yi kwana, sannan ya kama hanya. Ƙasa da ƙafa 10,000 doka ta hana wuce mil 250 a awa. Hawa zuwa inda zai daidaita yana cin fiye da minti 20, kuma duk cikin gudun da bai kai na sama ba. Saukowa ma haka: matuƙa suna da ƙa'idar mil uku ga kowace ƙafa 1,000, saboda haka jirgin da ke ƙafa 37,000 zai fara gangarowa tun yana da saura mil 110 ko fiye, tun yana kallon tsibirin Elba daga sama. In an tattara, zaman jirgi a iska awa biyu ne da 'yan mintoci, sauran kuma na ƙasa ne.

Duk wannan ɗalibi mai ƙwazo zai iya haddacewa. Gwaninta tana farawa ne daga zaɓen hanya.

Sararin Turai ba fili ba ne da kowa zai ratsa ta inda ya ga dama. An shata shi da ɗigogi marasa ganuwa, kowanne da suna mai harafi biyar, da hanyoyi masu ƙa'ida: wannan ta masu zuwa kudu ce kawai, waccan ba a shigarta sai daga wani tsawo, wata kuma ana buɗe ta ne da dare ko ƙarshen mako idan sojoji sun tashi daga atisaye. Ana sabunta waɗannan taswirori duk kwana 28, a rana ɗaya a duniya baki ɗaya. Italiya ta saki sararinta na can sama tun ƙarshen 2016, jirgi yana iya miƙewa daga ƙofar shiga zuwa ƙofar fita, kuma ƙasashe da dama sun yi haka, amma kusa da manyan filaye da kan iyakoki har yanzu sai an bi layi. Shi ya sa mil 781 na zare sukan zama 830 ko fiye a takardar tafiya.

Kuma kowace ƙasa tana karɓar kuɗin ratsa sararinta. Ana lissafa shi da nisan da jirgi ya yi a cikinta, da nauyin jirgin, da farashin da ƙasar ta sa, farashin kuwa ya bambanta ƙwarai. Suwizalan tana cikin masu tsada. Sai ka ga hanya biyu a gaban disfaca: ɗaya ta ratsa ta kan Janeba, gajeriya amma mai tsada, ɗaya ta ɗan karkata ta zauna cikin Faransa har ta faɗa Italiya, ta fi tsawo da 'yan mil amma kuɗin hanya ya ragu. Wacce ta fi araha yau? Amsar tana wurin iska.

Iska ita ce uwar lissafin. A can sama, inda jirage suke tafiya, akwai wani kogin iska da ke kwarara daga yamma zuwa gabas, a lokacin sanyi yakan wuce mil 100 a awa, wani lokaci ya ninka haka. Cibiyoyi biyu ne a duniya aka ɗora wa hasashen iskar sama don jirage, ɗaya a Ingila ɗaya a Amurka, kuma suna fitar da sabon hasashe duk awa shida, na kowane tsawo da kowane yanki. Mai zuwa Rum yakan samu iskar nan a bayansa ko a kafaɗarsa, mai komawa Landan ya same ta a fuska. Dalili ke nan da tikitin dawowa yake nuna kusan awa uku, alhali nisan bai ƙaru da taku ɗaya ba.

Akwai wani abu a lissafin iska da ya cancanci a tsaya a kansa. A ɗauka jirgi zai yi mil 600 a sama da gudun 450. In babu iska, minti 80 ne. In iska mai gudun 50 ta tura shi daga baya, gudunsa a kan ƙasa ya zama 500, tafiyar ta koma minti 72, ya ci ribar takwas. Da zai dawo iskar ta tare shi, gudu ya koma 400, tafiyar ta zama minti 90, ya yi asarar goma. Ribar takwas, asarar goma. Iska ba ta taɓa mayar da duk abin da ta karɓa, domin jirgi ya fi daɗewa a cikin wadda ke tare shi fiye da wadda ke tura shi. Disfaca ya san wannan a jininsa, shi ya sa yake neman tsakiyar kogin in zai tura jirgi gabas, yake kuma neman gefensa, ko ƙarƙashinsa, in zai dawo da shi.

Tsawon da za a hau ma zaɓi ne. Can sama iska ba ta da kauri, inji yana shan mai kaɗan, amma jirgi mai nauyi ba ya iya kaiwa can tun farko. Tun watan Janairun 2002 jiragen Turai suke tafiya da tazarar ƙafa 1,000 tsakaninsu a sama, kuma an raba benayen: a Faransa da Italiya mai zuwa kudu yana ɗaukar mara, irin 35,000 ko 37,000, mai zuwa arewa ya ɗauki cika, 36,000 ko 38,000, don kada su yi gaba da gaba. Sai kuma tsaunukan Alps da ke kwance a tsakiyar hanya, da Mont Blanc mai tsawon mita 4,800 da 'yan kai, sama da ƙafa 15,700. Jirgin da ke ƙafa 37,000 ba ruwansa da su muddin komai lafiya. Amma disfaca ba ya tsara tafiya don ranar lafiya kaɗai. In inji ɗaya ya mutu a daidai nan, jirgi zai riƙa gangarowa a hankali zuwa tsawon da inji ɗaya zai iya riƙe shi, dole a tabbata wannan tsawo ya fi ƙarfin duwatsu. In kuma iskar cikin jirgi ta tsere, abin numfashin da ke faɗo wa fasinja daga sama na mintoci ne, a yawancin irin waɗannan jirage bai fi kwata na awa ba, kuma dole a sauko zuwa wajen ƙafa 10,000 inda mutum zai shaƙi iska da kansa. A kan Alps ƙafa 10,000 cikin dutse ne. Saboda haka tun kafin a tashi an san ta inda za a zille, ko a koma bayan tsaunuka ta Faransa, ko a gangara kwarin arewacin Italiya. Dubban jirage suna wucewa ba su buƙaci wannan shiri ba, amma ana yinsa kowace rana, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu mun zo kan mai, wanda a ganina nan ne ake gane gwani.

Man jirgi da kilo ake auna shi, ba da lita ba, domin lita tana kumbura da zafi tana tsukewa da sanyi, inji kuwa nauyi ya sani. A320 yana shan wajen tan biyu da rabi a awa, tafiyar Rum za ta ci kimanin tan biyar. A kan wannan doka ta jera guzuri hawa-hawa. Akwai na rarrafe a ƙasa kafin tashi. Akwai na ko-ta-kwana, yawanci kashi 5 cikin 100 na man tafiya, saboda iska tana iya saɓa wa hasashe ko a hana jirgi tsawon da ya nema. Akwai na zuwa wani fili dabam in Fiumicino ya ƙi saukuwa. Sai na ƙarshe, na minti 30 ana shawagi a ƙafa 1,500, wanda ba a taɓa shi. Matuƙin da ya ga zai sauka da ƙasa da wannan, dole ya yi shelar gaggawa a rediyo, a buɗe masa hanya gaban kowa.

Zaɓen wancan fili na biyu kaɗai ya isa a gane mai hankali. Rum tana da wani fili, Ciampino, kusa ƙwarai, zuwa can ba ya cin mai. Amma hadarin da ya rufe Fiumicino ba zai bar Ciampino ba, maƙwabta ne. Ranar da sama take garau ana iya rubuta na kusa. Ranar da hasashe ya nuna tsawa a gaɓar teku da yamma, gwani zai tsallake ya rubuta Nafoli ko Fisa, ya kuma duba ko su ma hadarin zai kai gare su a daidai lokacin, ya tuna cewa in Rum ta rufe ba jirginsa kaɗai zai nufi can ba, wurin ajiye jirage kuwa yana da iyaka.

Mai karatu zai ce, to a cika tanki mana a huta. Ai mai nauyi ne, nauyi kuma mai yake sha. Duk tan ɗaya da aka ƙara, jirgi zai ƙone wajen kilo 30 a kowace awa don ɗaukarsa kawai. A jirgi ɗaya ba komai ba ne. A kamfanin da ke tashin ɗaruruwan jirage kullum, shekara ba ta ƙarewa sai ya zama dubban tan da aka ƙone a banza, kuɗi ya tafi, hayaƙi ya ƙaru a sama. Rowar mai haɗari ce, almubazzaranci da shi kuma asara. Tsakanin biyun akwai wata siririyar hanya, kuma ba a rubuce take a littafi ba. Kwamfuta za ta ba da mafi ƙarancin da doka ta yarda. Mutum ne zai dubi taswirar hadari, ya tuna yadda Fiumicino yake cushewa in aka koma titi ɗaya, ya ce a ƙara na minti 15, ya rubuta dalili a takarda don kyaftin ya gani. Gobe kuma, da sama ta washe, ya bar lissafin yadda yake bai ƙara ko kilo ba, kuma hankalinsa kwance. A Amurka doka ta raba alhakin tafiya tsakanin disfaca da kyaftin, sai duka biyu sun yarda jirgi yake tashi. A Turai magana ta ƙarshe ta kyaftin ce, yana iya ƙara mai a kan abin da aka rubuta masa. Disfacan da matuƙa suka saba karɓar lissafinsa ba tare da sun ƙara ba, wannan ya kai.

Abin da ke faruwa in lissafi ya rabu da gaskiyar jirgi an gan shi a ranar 12 ga Yulin 2000. Wani Airbus A310 ya tashi daga tsibirin Kirit na Girka zai je Hanoba a Jamus, tayoyinsa suka ƙi naɗewa gaba ɗaya bayan tashi. Aka ci gaba da tafiya da tayoyi a waje, ana dogara da hasashen man da kwamfutar jirgin take bayarwa, alhali ita lissafinta bai san da jan da tayoyin suke yi wa iska ba. Mai ya riƙa zurarewa fiye da yadda allo yake alkawari. Aka karkata zuwa Biyana, injuna suka mutu kafin a kai, jirgin ya dira a ciyawa gab da titi. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Tun daga nan ake ba da labarin a azuzuwan horo, don a nuna cewa lambar da ke kan allo amsa ce ga tambayar da aka yi wa na'ura, kuma sai mutum ya san wace tambaya aka yi mata.

In disfaca ya gama, ba shi ke da ta cewa ta ƙarshe a kan hanya ba. Yana aika shirin tafiyar zuwa Eurocontrol a Burasel, hukumar da ƙasashe fiye da 40 suka haɗu a cikinta, aƙalla awa uku kafin tashi. Kwamfutar can tana duba kowane ɗigo da kowane tsawo, in ya saɓa ƙa'ida ko ɗaya ta dawo masa da shi ya gyara. Sararin Turai yana ɗaukar jirage fiye da 30,000 a rana a lokacin zafi, kuma an yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da adadin jiragen da masu kula da ita za su iya riƙewa a awa. Jirgin Rum zai bi ta hannun 'yan Ingila, ya shiga hannun Faransawa, wataƙila 'yan Suwizalan, sannan Italiyawa. In gunduwa ɗaya a kan Faransa ta cika, ko hadari ya toshe ta, ko ma'aikata suna yajin aiki, sai Burasel ta ba jirgin wani lokacin tashi na dole, da sassaucin minti biyar kafin da minti goma bayan. Fasinja yana zaune a Heathrow rana tana haske, a ce masa a jira minti 40, ya rasa dalili. Dalilin yana can nisan kilomita 600. Hikimar ita ce jira a ƙasa da inji a kashe ya fi jira a sama ana ƙona guzuri.

A nan ma gwani yana da abin yi. Zai duba wace gunduwa ce ta jawo jinkirin, ya gwada hanyar da ta kauce mata, ko ya sauke jirgin zuwa benen da ke ƙarƙashinta. Ƙarin mil 30 minti huɗu ne da kilo ɗari da wani abu na mai. In hakan zai kuɓutar da minti 40, da fasinjojin da za su canza jirgi a Rum, da ma'aikatan da awoyin aikinsu ke gab da cika, ya ci riba. Amma sauran disfacoci ma idonsu biyu, in kowa ya ruga sabuwar hanya ita ma ta cika. Sanin lokacin da za a motsa da lokacin da za a zauna a jira shi ne abin da shekaru suke koyarwa. Abin da bai cika yin amfani ba shi ne taka wuta a sama. Ƙara gudu da kashi biyu ko uku cikin 100 a tafiyar minti 80 minti biyu kacal yake sayowa, da tsadar mai. Lokacin da aka rasa a ƙasa, a ƙasa ake nemo shi.

Dawowa Landan kuma tana da nata karatu. Heathrow yana da wurare huɗu da jirage suke zagaye suna jiran layi: Bovingdon, Lambourne, Ockham da Biggin Hill. Na Rum yakan faɗa Biggin Hill, a kudu maso gabas. Jirage suna jeruwa a can bene-bene, tazarar ƙafa 1,000, ana zare na ƙasa ɗaya bayan ɗaya, na sama suna saukowa. A ƙa'idar Ingila, in mai kula da sama ya ce wa matuƙi ba a sa ran jinkiri, abin da yake nufi shi ne jiran ba zai wuce minti 20 ba. Baƙon da bai san wannan ba zai zo da guzurin da bai isa ba. Wanda ya sani yana sa man zagayen nan tun daga Rum, ya ƙara in jirgin zai iso da sassafe lokacin da manyan jiragen Asiya da Amurka suke tururuwa, ko ranar da iska mai ƙarfi take rage yawan masu sauka.

Ranar 25 ga Agustan 1919 aka fara jigilar fasinja ta kullum tsakanin Landan da Faris, daga filin Hounslow Heath, wanda ke kusa da inda Heathrow yake a yau, zuwa Le Bourget. Tafiyar ta ɗauki awa biyu da rabi, matuƙi yana leƙen ƙasa yana bin abin da ido ya gane. Yau a cikin wannan awa biyu da rabi ana zuwa Rum, ninki huɗu na wancan nisa, a ƙetare teku da tsaunuka mafi tsawo a yammacin Turai, cikin dare ko cikin gajimare, kuma takardar da aka miƙa wa kyaftin tun kafin ya shiga jirgi tana faɗa masa minti nawa zai kai kowane ɗigo da kilo nawa na mai zai rage masa a can. Matuƙa suna bin takardar da biro a hannu, suna gwada abin da aka rubuta da abin da agogo da ma'aunin mai suke nunawa. A rana ta gari bambancin ba ya wuce minti biyu ko uku.

Mai karatu, in ka samu kanka a wannan hanya ka ji kyaftin ya ce tafiyarmu ta yau awa biyu ce da minti bakwai, duba agogonka lokacin da tayoyi suka bar ƙasa, ka sake dubawa lokacin da suka taɓa ta. Wanda ya fitar da wannan bakwai ɗin yana can zaune a ƙasa, ya riga ya koma kan jirgi na gaba.